Ƙasar da Ke Tafiya a Ƙarƙashin Tallaja

Haƙorana biyu na gaba suna Jidda. Ba Balarabe ne ya cire min su ba, ɗan Hausa ne haifaffen can, wanda ya sha nonon Bahaushiya kamar yadda na sha. Ban yafe masa ba. Malamai sun yi min wa'azi a kan yafiya, na saurara, na gode musu, ban yafe ba. Sai da na yi jika sannan na shiga ajin yamma na matan unguwarmu a Gumel na koyi riƙe alƙalami, kuma tun ranar da na iya haɗa baƙi da wasali na san abin da zan fara rubutawa.

Ba zan ɓata takarda a kan yadda na bar gida ba. Mijina ya rasu ya bar min yara, aka ce akwai aiki a Jidda, na bi jirgin umara kamar sauran mata, tun ba a san wayar hannu ba.

Wanda ya tarbe ni wani mutum ne mai farar jallabiya da ƙamshin turare, ya ce in kira shi Alhaji. Ya karɓi fasfona zai yi min iƙama, wato takardar zama. Ya kai ni Balad, tsohon gari mai dogayen gidaje da tagogin katako, ya ajiye ni a bakin wani lungu ya ce in jira shi ya sha shayi. Har yau yana shan shayin.

A gefena wata tsohuwa ta shimfiɗa tsumma tana sayar da goro da ƙuliƙuli da hatsin tattabaru. Ta daɗe tana kallona kafin ta yi magana.

"Ɗiyata, wa kike jira?"

"Alhaji."

"Duk garin nan Alhaji ne. Mai haƙorin Makka, mai ɗingishi kaɗan?"

"Shi."

"To matso ki ci burodi. Ba ke ce ta farko da ya zubar min a nan ba."

Sunanta Iya Gaji, mutuniyar Damagaram. Ta fi shekara ashirin a ƙasar ba takarda. Ta kai ni inda take kwana, ƙarƙashin matakalar wani tsohon gida, ta raba min tabarmarta. Ita ta koya min Larabcin da ake rayuwa da shi: yalla, wato maza; halas, shi ke nan; ma fi, babu. Ita ta nuna min yadda ake zarga igiya a kusurwoyin tsumman talla, yadda in aka ce ga masu kame sai a fizgi igiyar kaya su dunƙule a ruga. Ni ina iya gudun. Ita ƙafafunta sun fara kumburi, gudunta tafiya ce.

Wata rana wani mai kanti ya fito ya ce mun tare masa ƙofa. Bai jira mun tashi ba ya zare igal ɗinsa, baƙar igiyar nan da suke ɗorawa a kai, ya tsula wa Iya a wuya. Ya ƙara. A ta uku na cafe igiyar na fizge, na shimfiɗa masa ita a fuska sai da ƙyallen kansa ya faɗi cikin kwata. Lungun ya ɗauki ihu. Iya ta ce, "Ladidi, kin kashe mu! Gudu!" Daga ranar Balad ta haramta gare ni.

Na samu aikin gida a unguwar Bani Malik. Uwar gidan tana kulle firji da kwaɗo, abincina abin da yara suka rage. In na hau rufin bene shanya sai in tsaya ina leƙen gari, ko'ina siminti, ko karan dawa ɗaya babu, in ji ƙamshin daddawa a hancina alhali babu ita a unguwar. Wata 'yar aiki 'yar Indunusiya a maƙota takan miƙo min shinkafa a leda ta kan katanga. Ba ma jin yaren juna, har muka rabu ban san sunanta ba. Abin da ya fitar da ni shi ne babban ɗan gidan. Ya same ni a kicin ya kama min ƙugu, ni kuma butar shayi na kan wuta. Na bar shi yana birgima a ƙasa, na fita da silifa ɗaya.

Da na nemo Iya na tarar ƙafafunta sun zama kamar turmi. Talla ta gagare ta. Aka ba mu labarin wani wuri can bayan unguwar Waziriyya, inda gari ya ƙare duwatsu suka fara, ana ɗaukar mata aikin kaji ba a tambayar takarda, ana ba da wurin kwana. Muka tafi.

Sai na kwatanta wurin sosai, don duk abin da ya faru daga yadda aka gina shi ne. An sassare gefen tudu kamar matakala biyu. A ta sama aka gina tallaja, babban ɗakin sanyi inda ake daskarar da kaji su yi tauri kamar dutse. A ta ƙasa aka yi ɗakin mata. Bangon bayan ɗakinmu shi ne katangar da ta tare ƙasar da tallajar ke zaune a kai. Rufin kwano ne, taga ƙarama da ƙarafa, ƙofa ɗaya ta ƙarfe. Da mun tashi aiki mai kula da mu zai garƙame ƙofar ta waje, wai don kada jawazat, masu kamen marasa takarda, su ga motsi.

Mai kula da mu shi ne Usta Nuhu. Iyayensa Kanawa ne, shi a Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci. Mai wurin kuwa ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, sai motarsa daga nesa. Aikinmu figa da fiɗa da wanki da sawa a leda. Ana tafasa ruwa a manyan durom ana tsoma kaji don gashin ya saki. Ruwan wankin duk yana bin ƙasa yana nutsewa a tudun, shekara da shekaru.

Wanda bai zauna Jidda da bazara ba bai san zafi ba. Ɗakinmu da rana tanda ne, iska kamar tururin tukunya. Amma bangon baya sanyi gare shi. Har raɓa yake yi. In kika jingina bayanki sai ki ji kamar kin rungumi randa. Saboda haka matan ɗakin suka kafa doka tun kafin zuwanmu: sabuwar zuwa a bakin ƙofa take shimfiɗa, kusa da bokitin fitsari. In wata ta tafi gida ko aka kama ta, kowa ya matsa gaba ɗaya. Suna ce wa abin hawa. Wadda ta kai bango ta kai. Akwai wadda ta shekara uku tana hawa.

Mai tsaron dokar ita ce Ashta, wata doguwar mata 'yar Chadi mai tsage a kumatu, wadda ke karya ƙashin kaza da yatsu biyu. Na same ta da ladabi.

"Yaya Ashta, tsohuwar nan ƙafafunta wuta suke yi. A taimaka mata da gefen bango."

"Uwarki ce?"

"Uwata ce."

"To ki kai ta gidan ubanki. Nan hawa ake yi."

Na bari kwana biyu ina jin Iya tana nishi a bakin ƙofa, ƙafafun suna tsatsafo da ruwa. Rannan muka dawo daga aiki, na ɗauki tabarmar Iya na wuce kan kowa na shimfiɗa a wurin Ashta. Ta kama kitsona ta buga kaina da ƙasa. Na ga taurari. Na cije ta a cinya, ban saki ba sai da na ji gishirin jini. Ta zaro almakashin kaji, na murɗe hannun, muka kife kan tukwane. Mata suna ihu ba mai rabo, don doka ce ake yi wa shari'a. Ta fi ni tsawo, na fi ta nauyi. A ƙarshe na zauna a ƙirjinta na danna fuskarta a bangon da muke faɗa a kai.

"Sanyi ko?" na ce.

Ta tofar da jini ta ce, "'Yar Najeriya, ke jaka ce. Ɗaga ni, tsohuwar ta kwanta."

Haka Iya ta samu bango. Ni na kai ta, da haƙorana na saya mata wurin, kuma da abin da na sani a ranar, ko yau aka sake sai na yi. Takan miƙe ƙafafun a jikin simintin ta lumshe ido ta ce, "Ɗiyata, Allah ya sanyaya miki kabari kamar haka."

Bangon yana da ciki. Tun zuwanmu na lura tsakiyarsa ya turo kaɗan, amma wane gini ne a unguwar talakawa yake miƙe? Sai dai cikin girma yake yi. Ba ka ganin motsinsa, sai bayan watanni ka ga tabarmar da ke shimfiɗuwa lafiya yanzu gefenta ya naɗe. Ƙusar da muke rataya madubi ta sunkuya. Tsaga ta fito daga sama, aka cusa tsumma, bayan azumi tsumman ya faɗo don tsagar ta fi shi faɗi. Mata suka mai da abin wasa.

"Iya, maƙociyarki wata nawa?"

"Ku bar ta, cikin giwa gare ta. Ku dai tanadi goron suna."

"In namiji ne a sa masa Nuhu!"

A cikin tallajar ma daɓen ya yi doro. Keken da muke tura kwalaye in ka sake shi sai ya gangara da kansa ya doki bangon da ke saman ɗakinmu. Wasu suka ce aljanun tudun ne, aka yi hayaƙi da tofi. Ƙofar ɗakinmu ta fara cijewa, sai Usta ya sa kafaɗa kafin ta buɗu.

Mai gyaran injinan sanyi wani ɗan Pakistan ne mai jan gemu. Kowa yake kira sadik, wato aboki, mu ma muka sa masa Sadik. Larabcinsa gurgu ne kamar nawa, shi ya sa muke fahimtar juna. Wata rana ina zubar da hanji a bayan tallaja na gan shi tsugune yana haƙa gindin gini da ƙarfe. Ya yafito ni. Ya ɗauko dunƙulen ƙasa ya sa min a tafin hannu. Na yi tsalle. Ƙasa ce ja, amma ta daskare, ga zanen ƙanƙara fari a cikinta kamar kitse a jikin nama, a tsakiyar rana, a Jidda.

Ya zauna a kan bulo ya yi min bayani, rabi da baki rabi da hannu. Ya ce garinsu can cikin manyan duwatsu ne, inda ƙasar wasu gangarori ba ta narkewa rani da damina. Ya ce kada in ga ta yi tauri in ce a tsaye take. Ƙasa mai ƙanƙara in tana kan gangare tafiya take yi, a hankali, kamar tuwon da aka kwashe a karkataccen faranti. Shingen dutsen da kakansa ya gina a miƙe, shi ya taso ya gan shi kamar baka. Akwai turken da suke ɗaure dabbobi a saman kwari, kowace shekara sai su tarar ya sauko ya sunkuya. Ya buga ƙasa da ƙafa ya ce abin da ke nan ke nan. Sanyin tallaja ya shekara yana nutsewa, ya haɗu da ruwan wankinmu, tudun ya daskare ya kumbura, yana gangarowa kan bangonmu.

Ya nuna min bakin wasu bututai a gindin ginin, an toshe su da siminti. Ya ce an sa su ne don iska mai ɗumi ta riƙa wucewa ta ƙarƙashin daɓe. An toshe su da daɗewa saboda ɓeraye.

"Mai wuri ya sani?"

Ya ce ya sani. Har injiniya ya kawo, ya faɗa masa daidai da haka: a kwashe mutane daga ƙasa tukuna, a kwashe kaji, a bar ƙasar ta narke da kanta a hankali. Mai wuri ya ce sai bayan aikin Hajji, lokacin ciniki ne.

"Yanzu ƙanƙarar ce ke turawa," in ji Sadik, "amma ita ce kuma ke riƙe. In ta narke da sauri, taɓo ne. Moya har, la! La!" Ruwan zafi, a'a.

Na koma ɗaki na ce wa Iya ta tashi daga bangon.

"In koma ina? Wurin bokiti?"

"Ki koma wurina."

"Ɗiyata, shekara nawa bangon nan yake da ciki bai haihu ba? Ƙafafun nan su na sani. In na bar sanyin nan kwana ɗaya, fashewa za su yi."

Na faɗa wa sauran. Suka yi dariya har da tafi. Wata ta ce na gaji da zafi ne ina neman a watse in haye. Ashta ta ce, "Kin cije ni a kan bango, yanzu kuma bangon ne maye? Ƙasa mai tafiya! Ta tafi da ke Najeriya mana, ki huta da kuɗin jirgi."

Na tunkari Usta Nuhu a wurin figa, gaban kowa. Na ce ko ya canza mana ɗaki, ko ya daina kulle mu.

"Esh fi, ya hurma? Mene ne, ke mace? Ke muhandis ce, injiniya?"

"Sadik ya ce ƙasar ta daskare, an toshe bututai."

Ya juya ya kalli gindin tallajar. Na ɗauka maganar ta shige shi. Ashe rabinta ya ɗauka. Washegari ya sa aka farfasa simintin bakin bututan, ya ce kowace mace in ta gama figa ta ɗebi ruwan durom a bokiti ta ɗura a ciki. "Talj ne ko? Ƙanƙara? Halas, mu narkar da ita, mu huta da surutu. Yalla!"

Na ce Sadik ya hana ruwan zafi. Ya ce in rufe baki. Mace ta farko ta ɗauko bokiti yana tururi, na sa ƙafa na shure shi, ruwan ya fallatsa masa a ƙafa. Kusa da shi akwai kwali an fito da shi daga tallaja. Ya sunkuya ya ɗauko kaza daskararriya ta ƙafa, ya make ni da ita a baki. Wanda bai taɓa riƙe irin kazar nan ba ba zai gane ba. Gara dutse. Na ji ƙarar a tsakiyar kaina, na tofar da haƙori ɗaya, ɗayan na haɗiye shi ko ya faɗa kwata, ban sani ba. Na rarumi ƙugiyar rataya kaji na yage masa hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Shi da mai gadi suka taru a kaina da tiyo har na daina motsi, suka ja ni ta ƙafa suka jefa cikin tallaja suka rufe.

Duhu, da ƙugin inji. Jinin bakina ya daskare a haɓata. Rigata jiƙaƙƙiya ta yi tauri kamar kwano. Na yi ta dukan ƙofa har hannun ya daina jin zafi, daga nan barci ya fara ɗaukata, mai daɗi. Sadik ne ya buɗe. Ya lulluɓe ni da rigarsa ta aiki, ya ɗura min shayi ta gefen baki yana zagin Usta da yarensu. A ranar aka kore shi. Ya tafi da akwatin ƙarafansa a kafaɗa, yana waiwaye yana nuna min bangon.

Aka yi ta ɗura ruwan zafi. Kwanaki kaɗan ƙofarmu ta ɗan saki, Usta yana buɗe ta da yatsa yana kallona. "Shufti? Kin gani, muhandis?" Bangon ya daina raɓa mai sanyi, ya koma zubar da jan ruwa ta tsagar. Iya ta ce maƙociyarta ta fara naƙuda. Ba wadda ta yi dariya sosai. Sau biyu ina janye tabarmarta da ƙarfi, sau biyu tana rarrafawa ta koma, tana ce min marar kunya.

Ranar Juma'a ce, maza sun tafi masallaci, an kulle mu. Muna kwance cikin zafi, wasu na tsifa. Na ji ƙara kamar an karya rake, sai wani nishi mai nauyi daga cikin ƙasa. Ashta ta miƙe zaune. Kafin ta buɗe baki cikin bangon ya fashe.

Ba faɗuwa ya yi kamar yadda gini ke faɗuwa ba. Tsakiyarsa ya buɗe, jan taɓo ya kwararo da bulo da gumagumai na ƙasar da ba ta gama narkewa ba, wasu sun kai buhun gero. Sanyi ya bugi ɗakin. Rufin ya sunkuyo. Wata bulo ya fasa mata kai, wata taɓo ya tura ta har bakin ƙofa. Kowa ya yi kan ƙofar, ana tattake juna, ƙofa kuwa ta lanƙwashe a cikin raminta, ko da mabuɗi ba za ta buɗu ba.

Iya ba ta yi ihu ba. Kanta da ƙirjinta kawai ake gani, wani falalen siminti ya danne ta daga cinya. Na fara tono da hannu. Taɓon ga sanyi ga kaifi, farcena suka ɓare. Sai na ga wasu dogayen hannaye a gefena da murfin tukunya. Ashta ce.

"Tona ta can, jaka! Ni zan ɗaga!"

Ta sa kafaɗa ƙarƙashin falalen, jijiyoyin wuyanta suka tashi, ta yi wani kuka irin na raƙumi, na ja Iya ta hammata. Ƙafar dama ta fito. Ta hagu ta biyo baya a juye, ƙashi ya huda fata ya leƙo fari. Sauran mata suka ɗauki tukunyar gas suna dukan ƙofa da ita har ƙarfen ya ɓalle daga bango.

Da Usta ya dawo ya tsaya yana kallon tallajar da gindinta ya rataye a iska. Ita ya fara dubawa. Sannan ya leƙo mu.

"Ma fi mustashfa. Ba asibiti. Wa ke da iƙama a cikinku? In an kai ta, a tambaye ta daga ina, a zo a kwashe ku duka. Gobe zan kawo mai ɗori."

"Wannan ba ta ɗori ba ce, ɗan banza! Ka ga ƙashi!"

Ya sa mai gadi ya kulle babbar ƙofar waje ya tafi. Na ɗaure ƙafar da mayafina na yunƙura zan ɗauki Iya, sai matan suka taso min. Ba Usta ba, 'yan uwana. Wata ta riƙe min wuya, wata ta mare ni a bakin da bai warke ba. "Kina so ki kashe mana yara a gida? Wa zai ci da su in aka mai da mu?" Ban ga laifinsu ba a lokacin, ban gani ba yanzu, amma na rama. Muna cikin kokawa a cikin taɓo Ashta ta buga murfin tukunya da ƙarfe.

"Ku saurara, 'yan iska! Wurin nan ya mutu, ko an kai ta ko ba a kai ta ba. Ga tallaja can tana shirin biyo bango. Kowa ta ɗaure kayanta. Akwai inda katangar baya ta zube, da asuba mu bi ta nan mu watse, mai 'yar uwa a Waziriyya ta nufi can. In rana ta fito, 'yar Najeriya ta yi abin da za ta yi."

Muka kwana a fili. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, jikin Iya ya yi zafi kamar garwashi. Da gari ya fara haske mata suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ashta ce ta ƙarshe. Ta cusa min burodi a zani, ta duƙa ta sumbaci goshin Iya, ta ce min, "In kin je Najeriya ki daina cizo." Ban ƙara ganinta ba.

Iya ta buɗe ido ta ga ina kwance ɗamara.

"Ina za ki kai ni?"

"Titi."

"Za su kama ki. Ni ma su mai da ni Damagaram, ba ni da kowa can. Ki bar ni, ɗiyata. Shekara ashirin ina roƙon Allah ya ɗauki raina a ƙasa mai tsarki."

"Iya, nan ba Makka ba ce. Bayan tallajar kaji ne. In kin mutu a nan Usta zai yar da ke a bakin wani masallaci kamar buhu."

"Marar kunya."

"Na ji. Kama wuyana."

Na goya ta da zanina, na ɗaure ƙafar a ƙuguna don kada ta yi lilo. Duk da haka kowane taku sai ta yi ƙara a kunnena. Na bi ta inda katangar ta zube, na gangara tudun ina zamewa a tsakuwa, silifa ta tsinke na bar ta. Mai gadi ya hango ni ya yi kira, bai biyo ni ba.

A bakin babban titi motoci suna wucewa, ba mai tsayawa ga baƙar mace da jini da taɓo. Can na hango motar 'yan sanda tana tahowa, irin wadda na shekara biyar ina shiga lungu in na ga ƙyallinta. Na sauka daga gefen titi na tsaya a tsakiyar kwalta. Ya taka birki har taya ta yi kuka. Wani matashi ne, ya sauke gilashi yana zare ido.

"Ma fi iƙama," na ce masa. "Ni babu, ita babu. Ka kama ni. Amma mustashfa tukuna."

Ya kalli bakina, ya kalli ƙafar da ke ɗaure a ƙuguna. Ya fito ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya tallafi kan Iya na kwantar da ita, na shiga na ɗora ƙafar a cinyata. Ya kunna jiniya.